Abincin zuma a marka: yadda rainon itatuwa ke tafiya a gonarmu ta hanyar Deba

21 ga Janairu, 2024

Irin itatuwan da zan raina don abincin zumar da nake kiwo ya kusa haɗuwa. Tsamiya akwai ta a gida, bagaruwa na sayo a hannun masu kai wa majema, taura kuwa yara ne suka gwigwiye naman suka tara mini ƙwallon a kwano. Ɗakwara ce ta ba da wuya, sai da wani abokin aiki ya aiko da ita daga wajen Gashuwa, ƙasar ƙaro. Zogale ba a maganarsa, kowane gida da nasa.

Wanda bai taɓa kiwon zuma ba yakan ɗauka rani ne lokacin yunwarta, tunda ƙasa ta bushe ciyawa ta ƙone. A ƙasar Gombe ba haka abin yake ba. Daga kaka zuwa bazara ne manyan itatuwanmu ke fure, wannan na sauka wancan na hawa. Magarya da kurna da gawo su fara da ɗaukewar ruwa, mangwaro da kaɗanya su karɓa cikin hunturu, ɗorawa ta biyo baya, darbejiya ta rufe da zafin bazara. Shi ya sa ake ɗibar zuma a Maris da Afrilu. Yunwar a marka take zuwa, daga ƙarshen Yuli har Agusta ya fita, lokacin da ko'ina ya yi kore shar. Ruwan sama yana wanke zaƙin fure, yana kuma tsare ƙudan a cikin amya wuni sukutum. Gonakin da suka kewaye mu masara ce da dawa da shinkafa. Masara da dawa suna ba da garin fure, amma babu ruwan zaƙi a cikinsu. Ciyayin bakin gona da a da suke toshe wannan giɓi, maganin feshi ya share su. Zumarmu ta nan kuwa ba ta zaman haƙuri da yunwa, in abinci ya yanke sai ta tattara ta bar maka amya wayam.

Ko wadda ta daure ta zauna, sarauniya takan rage ƙwai. Daga ƙwai zuwa ƙyanƙyashewar ma'aikaciya kusan mako uku ne, sannan ta yi wasu makonnin kamar uku tana hidimar cikin gida kafin ta fara fita kiwo. Ke nan ƙudan da za su ɗebo furen magarya a Oktoba, a marka ake haifarsu. Amyar da ta ji yunwa a Agusta ta riga ta yi asarar farkon kaka ko da ba ta gudu ba.

Abin da nake nema shi ne itatuwan da ke fure ruwa na zuba. Tsamiya ta riƙe farkon damina, bagaruwa da ɗakwara da taura su riƙe tsakiyarta, zogale ya tsaya mana na wucin gadi kafin waɗannan su girma.

4 ga Fabrairu

Na zaga wuraren sayar da dashe a cikin Gombe da hanyar Dadin Kowa, kada in wahalar da kaina kan abin da 'yan kuɗi kaɗan za su saya. Darbejiya, turare, mangwaro mai aure, kashu, gwaiba, lemo da itatuwan ado, su ne suka cika ko'ina. Tun da jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G, wato Gombe Goes Green, a 2019 harkar ta bunƙasa, ana kuma ganin amfaninta a bakin tituna. Sai dai mai dashe abin da kasuwa ke nema shi yake shukawa, kuma yawancinsu furen rani ne. Da na tambayi wani ko yana da taura, dariya ya yi. "Alhaji, taura ai 'yar daji ce, wa zai ba da kuɗinsa?"

Yau aka tace iri. An zuba a bokitin ruwa, duk wanda ya taso sama an kwashe an zubar. Ƙwaro ya huda bagaruwa da ɗakwara da yawa, ramin ɗan ƙarami ne zagayayye, sai an ɗaga wa haske ake ganinsa. Wanda ya tsira an shanya shi nan take a inuwa, an cuɗa da toka an rufe a kwalba.

25 ga Fabrairu

Ɗorawar bakin rafi ta sako tutu, wato furenta. Jemagu ke shansa da dare, zuma ta zo ta kwashi saura tun kafin rana ta fito, ƙarar har daga hanya ana jinta.

An kafa rumfar zana a bayan gida kusa da rijiya, ba a gona ba, saboda ban ruwa da kuma ido. Batun leda ya ɗan ci lokaci. Ledar fiya wata da yara suka tara ta ishi zogale, amma itacen daji saiwa yake fara yi kafin ganye, ta nutsa ƙasa tsaye tana neman laima. Don haka na sayi doguwar baƙar leda, wadda ta kai kamu guda da rabi, aka hudhuda gindinta. Haɗin ƙasa: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya yashin rafi, kashi ɗaya taki wanda ya daɗe ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara.

Lissafin shi ne a shuka farkon Maris, dashe ya sami wata huɗu a leda, a fitar da shi Yuli in ruwa ya zauna.

9 ga Maris

Jibi ake sa ran tashi da azumi, don haka aka gama shuka jiya da yau. Kowane iri da halinsa, kuma duk wanda ya yi musu magani ɗaya zai kashe rabi ya bar rabi suna barci.

Bagaruwa ta fi kowa taurin kai. Ɓawonta ruwa ba ya ratsa shi, tana iya shekara a ƙasa ba ta motsa ba. An tafasa ruwa, an sauke daga wuta, an zuba a kanta, an bar ta ta kwana a ciki. Wadda ta kumbura an shuka, wadda ta ƙi an goga gefenta a samfefa har farin ciki ya ɗan leƙo, nesa da idon da saiwa za ta fito. Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya fi shekara arba'in yana rataya amyar ciyawa a kan itatuwa, ya tsaya yana kallona ina wannan gurza, sai ya ce, "Ɗana, bagaruwa ai ba mutum ke shuka ta ba, akuya ce. Ka je garke ka share." Gaskiyarsa. Awaki da tumaki in sun ci kwanson sukan furzar da ƙwayar wajen tuƙa, ta fito ta riga ta yi laushi. An sharo daga garken maƙwabta, na ware mata layi daban don in gwada ta da ta ruwan zafi.

Ɗakwara sabon iri ce, ɓawonta bai kai na bagaruwa tauri ba, ruwan zafi zai iya dafa ta. Ruwan sanyi kawai ta kwana a ciki. Tsamiya an ɗan ƙwalle gefenta da abin yankan farce, ita ma ta kwana a ruwa. Taura sai da aka kankare zaren nan da ke manne da ƙwallon, aka fasa a hankali da guduma aka ciro ƙwayar, wasu suka farfashe a hannu. Zogale ba ya son komai, a tura shi ƙasa zurfin gaɓar yatsa shi ke nan.

Baffa ne ya sa aka ƙara marke. Ya ce da can in marke ya yi fure da damina zuma har rassan take rufewa, yanzu masu gawayi sun bi shi sun ƙarar, shi da ƙirya, domin su ne gawayinsu ke daɗewa a wuta. An yayyafa irinsa a wani ɗan fili a gefen rumfa, an rufe da yashi sama-sama.

24 ga Maris

Ɗakwara ce ta fara leƙowa, ko mako ba ta cika ba, zogale ya biyo ta. Tsamiya ta ɗago da ƙwayarta a ka. Bagaruwar garke ta riga ta ruwan zafi fitowa, ta kuma fi ta fitowa bai ɗaya. Wadda aka goga a samfefa ce kaɗai ta kamo ta. Taura da marke shiru.

Zafin bana ya wuce misali, ga azumi. Ban ruwa sau biyu ne, bayan asuba da kuma bayan la'asar, da gwangwanin da aka hudhuda don kada ruwa ya tone iri. Ƙadangaru sun gano ɗakwara, suna tsinke kan tsiron da safe. An kewaye layin da tsohon gidan sauro.

13 ga Afrilu

Bayan Sallah da kwana biyu muka buɗe amyoyin katako da daddare. Zuma ta yi kyau, mai duhu, akwai ɗan ɗacin darbejiya a ƙarshen harshe. Bana na canza tsari: saƙar da aka toshe bakinta da kaki kaɗai aka yanka, ita ma ba duka ba, kowace amya an bar mata saƙa biyu ko uku cike, ban da ta 'ya'ya da ba a taɓa ba. Ɗan ƙanena da ke riƙe da abin hayaƙi bai ji daɗi ba. "Kawu, kuɗi fa muke bari a ciki." Na ce masa bashi ne za a biya a Nuwamba. A amyar gargajiya wannan ba ya yiwuwa, tunda da wuta ake shiga a kwashe komai har da 'ya'yan, wannan kuwa shi ne babban abin da amyar katako ta fi ta da shi, ba yawan zuma ba.

Taura ta fito, ba duka ba, jajayen ganye masu laushi. Marke babu labari. Yawancin irinsa ƙaiƙayi ne, babu ƙwaya a ciki, haka halinsa yake.

An fara ɗaga ledoji. Saiwar ɗakwara da bagaruwa ta riga ta huda gindi ta kama ƙasa. In aka bar ta sai ranar dashe, a fizge ta da ƙarfi, itacen ya yi yaushi ya mutu. Duk mako biyu za a riƙa matsar da kowace leda, abin da ya leƙo a datse da reza.

12 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka, ƙura ta kwanta. Yara sun matsa a kai dashe gona. Ba yanzu ba. Ruwan Mayu yakan yi sau ɗaya ya ɗauke mako biyu ko uku, ɗan dashen da bai kama ƙasa ba ba ya jure wannan.

Tsohuwar tsamiyar bakin gari ta sake ganye ta yi fure, ƙanana masu ruwan ɗorawa da jan zane. Na tsaya ƙarƙashinta da hantsi, rassan na ta guna. Ita kaɗai wannan bishiya ta fi duk abin da ke cikin rumfata amfani ga zuma nan da shekara goma, kuma babu wanda ya san wanda ya shuka ta.

Abin da ya fi muhimmanci a makon nan ba a rumfa ya faru ba. 'Yan ƙwadago sun zo sharar gona, kamar kullum suka fara bin tohon da ke fitowa daga kututture suna sarewa don a tara a ƙone. Na bi bayansu ina duba abin da ake sarewa: sabara, kalgo, magarya, har da taura wajen tudu. Taurar da nake fasa ƙwallonta da guduma ina lallaɓawa, ga ta nan da saiwar da ta shekara da shekaru a ƙasa, kowace bazara ta toho a sare ta. Na dakatar da su. A kowane kututture aka zaɓi toho biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, aka cire saura, aka ɗaura wa waɗanda aka bari jan ƙyalle don kada mai huɗa ya bi ta kansu.

Wannan ba sabon abu ba ne. Shi ne sassaben zamani da manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suka runguma tun shekarun 1980, wanda Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya yi ta yaɗawa a can. Ana ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 a ƙasar Nijar ta sake yin itatuwa ta wannan hanya, ba tare da an yi rainon ko leda ɗaya ba. Dalilin a fili yake: toho yana hawa ne a kan tsohuwar saiwa mai zurfi, ba ya neman ban ruwa, gara ba ta cika kayar da shi ba. Iri yana da amfaninsa inda itacen ya ɓace ƙaf, kamar ɗakwara da marke a wajenmu. Amma inda kututture yake da rai, wuƙa ta fi leda sauri.

Shugaban 'yan ƙwadagon ya ce, "Alhaji, gona za ta yi kama da ta malalaci." Na ce na yarda ta yi.

23 ga Yuni

An haƙa ramuka, zurfi da faɗi kamar kamu biyu, ƙasar sama gefe guda ta ƙasa gefe guda, don a mayar da ta saman a gindi tare da taki. A gangaren tudu, inda ruwa ke gudu ya tafi da ƙasa, an yi wa kowane rami kunya mai siffar rabin wata ta ɓangaren gangare, bakinta na kallon tudu, ta tare ruwan ya nutse a wurin.

A rumfa an yaye rabin zana, an rage ruwa zuwa sau ɗaya. Dashen da ya saba da inuwa da ƙoshi, in ya fita gona rana ɗaya ta ishe shi.

Goggo ta kawo ƙwaryar kaɗanya sabuwar faɗuwa, ta ce tunda haukan itace ya kama ni in haɗa da wannan. Furenta na rani ne, ba ta cikin lissafina, kuma takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta yi 'ya'ya. Amma irinta ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu, don haka aka binne shi yau ɗin nan a iyakar gabas.

14 ga Yuli

Ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙe har ƙasan rami. An yi dashe da yamma bayan ruwan jiya.

Gonar iri biyu ce, an kuma raba itatuwan bisa haka. Bagaruwa ta tafi kwari, wajen baƙar laka mai riƙe ruwa, domin ita ko ruwa ya kwanta a gindinta na ɗan lokaci ba ta damu ba. Ɗakwara ta hau jigawa, taku biyar tsakani. Ita laka da laima ne ajalinta. Su biyun 'yan uwa ne amma abin da suke ba zuma ya bambanta. Furen bagaruwa, ɗan dunƙulen nan rawaya, garin fure ne yawancinsa, wanda shi ne abincin 'ya'ya. Na ɗakwara dogo ne fari mai ƙamshi, yana da ruwan zaƙi. Amya tana buƙatar duka biyun, gari don renon 'ya'ya, zaƙi don ƙarfin masu fita.

Tsamiya ta jawo magana. Maƙwabcina na arewa ya ce inuwarta ba ta barin amfanin gona ya yi, kuma ya yi gaskiya, ƙarƙashin tsamiya ko ciyawa da ƙyar take fita. An matsar da layin ya koma bakin hanyar shanu, taku goma sha biyu tsakani. Goggo ita tata damuwar daban ce, ta ce kada a kuskura a kawo mata tsamiya kusa da gida, ta san masu zama a kanta. Ba a kawo ba.

Zogale an jera shi kusa da amyoyi, an tsinke kansa don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama kamar gora. A tsakanin layuka an shuka kabewa.

18 ga Agusta

Marka sosai. Kwanaki a jere rana ba ta fito ba. Amya ɗaya daga cikin na katako ta tashi. Da na buɗe, tsutsar kaki ta riga ta saƙa yanarta a cikin saƙar, wadda ita ce ke bin duk amyar da ƙudanta suka yi ƙaranci. An kankare, an babbaka cikin da harshen wuta, an rufe sai kaka. Sauran suna nan, sun cinye yawancin abin da aka bar musu a Afrilu. Biyu da suka fi rauni na ba su ruwan sukari, awo ɗaya na sukari awo ɗaya na ruwa, a cikin amya da yamma don kada na waje su kawo fashi. Da tsadar sukarin bana wannan ba abin da za a daɗe ana yi ba ne.

Kabewa ta taimaka fiye da yadda na sa rai. Furenta da sassafe yake buɗewa ya rufe kafin azahar, in aka sami safiyar da ba ruwa za ka ga ƙuda biyu uku a cikin fure ɗaya, sun yi buɗu-buɗu da rawaya. Riɗin wani bawan Allah can ƙetaren rafi shi ma ya fara fure, hanyarsu ta koma can.

Zogalen da ke ƙasa-ƙasa ya ruɓe daga gindi. Bagaruwa kuwa ruwa har wuyanta, tana ta sabon ganye.

15 ga Satumba

Ruwan bana ya yi ɓarna a wurare da yawa. Ranar 10 ga wata Maiduguri ta wayi gari cikin ruwa bayan ɓallewar madatsar Alau. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Mu nan kunyoyin rabin wata kaɗan ne suka fashe, an gyara.

Wake ya fara fure, feshi ya kankama. Na tarar da matattun ƙuda a ƙofar amyoyi, harshe a waje. Na je wajen maƙwabcina na kudu, muka gaisa, na ce, "Malam, alfarma na zo nema. Furen wake da safe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, lokacin ne zuma take kansa. Da za a mayar da feshin bayan la'asar, maganin zai yi aikinsa, ni ma dabbobina su tsira." Ya ce shi bai ƙi ba, amma yaran da ke masa feshi da safe suke zuwa, da yamma suna wata gonar. Muka tsaya a kan zai riƙa aiko mini da saƙo tun daren, in toshe ƙofofin da asuba, in lulluɓe amyoyin da jiƙaƙƙen buhu saboda zafi, in buɗe da yamma. Ba cikakken magani ba ne, amma ya rage. Na aika masa da kwalbar zuma.

Zogalen tudu ya fitar da furen farko, wata shida da shuka.

3 ga Nuwamba

An kusa gama girbi, za a saki dabbobi. Duk wahalar da aka sha daga Maris, akuya ɗaya tana iya gamawa da ita kafin azahar. Makon nan kakaf a shinge ya tafi: turaku uku kewaye da kowane dashe, a naɗe da ƙayar magarya, a ɗaure da igiyar rama. Kara ba ya yi, shanu na cinye shi, gara ta ƙarasa saura. Tsamiya da zogale aka fi tsanantawa. Ɗakwara da bagaruwa suna da ƙayarsu amma har yanzu laushi gare ta.

Magarya da kurna suna fure, gawo ya yi ganye zai bi. Amyar da ta tashi a Agusta wani sabon taro ya shige ta da kansa. Zumar kurna ita ce wadda 'yan Yaman suka yi suna da ita, alhazai na ganin tsadarta a shagunan Makka da Madina, mu kuwa ga kurnar a bakin kowace maƙabarta.

29 ga Disamba

An share ciyawa taku huɗu kewaye da gona saboda masu cinna wuta suna farautar gafiya.

Ban ruwa a gona da jarka a kan babur ba zai ɗore ba da kuɗin man fetur na yanzu. An sayo ƙananan tuluna na ƙasa, an binne ɗaya a gindin kowace tsamiya har wuya, a cika a rufe da fasasshen kasko. Ruwan na tsattsafowa ta jikin tulun kai-tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shan komai, cikawa ɗaya na kai mako. Ɗakwara da bagaruwa ba a ba su, su nemi nasu.

Taurar da aka dasa duk ta bushe daga sama, tsinke kawai ya rage. Baffa ya hana a tone. Ya kankare wuyan ɗaya da farce, ciki ɗanye ne. Ya ce haka take yi tana ƙarama, ta janye ƙasa da rani tana gina saiwa.

16 ga Maris, 2025

Rani ya karɓi rabonsa. Gara ta ci tsamiya da dama, musamman inda aka shimfiɗa ɓuntun shinkafa don riƙe laima. An kwashe shi, an zuba toka da dakakken ganyen darbejiya a gindin saura. Awaki sun sami kafa a shinge sun ɓare zogale guda-guda, amma shi ko an datse shi yana tohowa. Ɗakwara ta zubar da ganye ta tsaya fari fat, da rai. A cikin duk abin da aka dasa ita ce ta fi tsira.

An sake cika ledoji don cike gurbi, tsamiya da ɗakwara. Taura ba za ta sake shiga leda ba, kai-tsaye za a binne ta a gona da ruwan Yuni, saiwarta ta tafi abinta ba datsewa. Marke an tara irinsa mudu guda cur daga wasu tsofaffin itatuwa da suka rage a bayan dutse, an zuba shi da kauri. A cikin wannan tulin 'yan ƙalilan sun fito, ana lallaɓa su.

25 ga Mayu

Taura ta toho daga ƙasa, ta fi bara kauri. Kaɗanyar Goggo ma wasu sun leƙo, ganye biyu-biyu.

24 ga Agusta

Marka ta biyu. Ba amyar da ta tashi zuwa yau, ba a kuma ba da sukari ba. Yabon na zumar da aka bar musu ne a Afrilu, da kabewa, da riɗin ƙetaren rafi, da zogalen da ya wuce tsayin mutum yana fure ba ƙaƙƙautawa. Itatuwan da aka yi aikin dominsu ba su kai ga ba da komai ba tukuna. Bagaruwar kwari ta kai ƙirji, ɗakwara ta kai ƙugu, su biyun sai shekara ta uku ko ta huɗu ake sa ran furensu. Tsamiyar iri takan kai bakwai ko takwas, wani lokaci fiye.

Tohon kututture ya yi musu nisa. Sabara ta riga ta yi fure tun bara, magaryar da aka bari ta fi ni tsayi tana shirin na kaka, taurar tudu ta yi kaurin ƙotar fartanya. Maƙwabcina na arewa, wanda ya ƙi inuwar tsamiya, bana ya bar kututture kaɗan a iyakarsa saboda ganyen dabbobi.

Zuma tana kiwo har nisan kilomita uku daga amya, gona ɗaya ba ta ciyar da ita. Na yi magana da mai unguwa kan kwarin nan da zaizayar ƙasa ke ci a yammacin gari, wanda ba na kowa ba ne kuma kowace damina yana ƙara faɗi. Ya amince a jera bagaruwa a bakinsa, da sharaɗin kwanson na matan gari ne su sayar wa majema, matasa kuma su ɗauki nauyin shinge. Wannan zai ci ledoji ninki uku na bara, rumfar bayan gida ba za ta ɗauka ba, sai an ƙara wata. Za a fara sharar garke don tara iri da zarar kwanso ya fara zuba a watan Disamba.